Tsofaffin Littattafai, Sabbin Ɗalibai: Yadda Iyaye a Amurka ke Koyar da Tarihi da Addini a Gida

Ƙarfe tara na safe, motar makaranta mai launin ruwan ɗorawa ta wuce ta ƙofar gidan ba ta tsaya ba. A ciki an kwashe kwanukan karin kumallo, teburin cin abinci ya koma na karatu. Uwa ta buɗe kwamfutar hannu tana karanta wa yaranta uku labarin Alfred, sarkin Ingila da ya yi fama da mahara daga arewa fiye da shekara dubu da suka wuce. Shafi biyu kawai ta karanta, ta rufe, ta ce wa ɗan shekara bakwai ya ba ta labarin abin da ya ji. Yaron ya fara, ya kakare a tsakiya, yayarsa ta ɗora daga inda ya tsaya.

Haka safiya take a gidaje da yawa a Amurka. Littafin da ake karantawa, Our Island Story, a 1905 aka buga shi, kuma marubuciyarsa H.E. Marshall ta daɗe da barin duniya. Uwar ba ta biya ko sisin kwabo ba. In an gama da tarihi za a ɗauko labaran annabawa daga wani littafin na 1904, da yamma kuma a mota yara za su saurari wani tsohon labarin da wani ɗan sa-kai ya karanta ya naɗa, shi ma kyauta.

Yadda makaranta ta dawo gida

Shekara hamsin da suka wuce, mai hana ɗansa zuwa makaranta a jihohi da dama na Amurka yana iya tsintar kansa a gaban alƙali. Mutane iri biyu ne suka karya wannan. Akwai irin su John Holt, tsohon malamin makaranta wanda ya yanke ƙauna da aji da jarrabawa, ya kafa mujalla a 1977 domin iyayen da suka janye yaransu. Akwai kuma Kiristoci masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka ga makarantun gwamnati sun raba gari da addu'a da Baibul tun hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli na farkon shekarun 1960. Waɗannan na biyun su suka fi yawa, su suka kafa ƙungiyar lauyoyi a 1983 domin kare kansu, kuma zuwa 1993 karatun gida ya halatta a duka jihohi hamsin.

Alƙaluman hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙasar sun nuna yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999. Zuwa 2012 adadin ya ninka. Sai ga annobar korona. Binciken hukumar ƙidaya ya nuna cewa tsakanin bazara da kakar 2020, gidajen da ke koyar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 11, a tsakanin baƙaƙen fata kuwa daga kashi 3 zuwa 16. Da aka buɗe makarantu wasu sun koma, amma da yawa sun zauna.

Dalilan da iyaye suka fi bayarwa ba su cika canzawa ba: tsoron yanayin makaranta, da son tarbiyya ta addini da ɗabi'a, da rashin gamsuwa da koyarwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗi. Gidan da ya zaɓi wannan hanya galibi ya haƙura da albashin mutum ɗaya, domin dole wani ya zauna da yara. Manhajar da kamfanoni ke sayarwa a kwali tana cin ɗaruruwan daloli ga yaro ɗaya a shekara, ga shi irin waɗannan gidaje sukan tara 'ya'ya. Nan ne tsofaffin littattafai suka samu shiga.

Dokar da ta buɗe taskar

A Amurka, tsohon littafi yana fita daga haƙƙin mallaka ne shekara 95 bayan buga shi. Daga nan kowa na iya kwafarsa, ya raba, ya fassara, ya sayar ma in ya so. Wata doka ta 1998 ta tsayar da wannan agogo cak har shekara ashirin, shi ya sa aka daɗe iyakar tana kan 1922. Sai ranar 1 ga Janairun 2019 littattafan 1923 suka samu 'yanci, kuma tun daga lokacin kowace sabuwar shekara ana sakin na shekara guda.

Doka kaɗai ba ta kai littafi hannun yaro. Sai da wani ya zauna ya buga. Na farko shi ne Michael Hart, ɗalibi a Jami'ar Illinois, wanda a watan Yulin 1971 ya samu damar amfani da babbar kwamfutar jami'ar, ya buga Sanarwar 'Yancin Kan Amurka a ciki domin kowa ya ɗauka. Abin da ya fara, Project Gutenberg, yanzu yana da littattafai fiye da 70,000. Tun shekarar 2000 aikin ya koma hannun dubban 'yan sa-kai da ke rarraba shafuka a tsakaninsu, kowa ya duba nasa, ya gyara kurakuran da na'ura ta yi wajen karanto tsohon bugu.

Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana ajiye hoton shafukan miliyoyin littattafai kamar yadda suke, har da tambarin laburaren da aka ɗauko su. A 2005 wani ɗan Kanada, Hugh McGuire, ya kafa LibriVox, inda mutane ke karanta littafi da muryarsu su saka kyauta. Ga uwa mai goyo da yara huɗu, wannan ba ƙaramin taimako ba ne: ɗaya na sauraro, tana koya wa ɗaya lissafi.

Sai dai littafi dubu saba'in ba manhaja ba ce. Wanda ya shiga ba jagora, ɓacewa zai yi. Shi ya sa wasu iyayen suka ɗauki nauyin tacewa. Baldwin Project ya ware littattafan yara zalla, ya ɗauki sunan James Baldwin, wani malami da ya rasu a 1925, mai littafin gajerun labaran tarihi guda hamsin (ba shi ne shahararren marubucin nan baƙar fata mai wannan suna ba). Heritage History kuwa ya tara ɗaruruwan littattafan tarihi ya jera su bisa zamani da ƙasa da shekarun mai karatu, tare da taswirori.

Malamar da ta rasu a 1923

Duk wanda ya leƙa wannan duniya zai yi ta cin karo da suna ɗaya, Charlotte Mason. Baturiyar Ingila ce, an haife ta a 1842, ta kafa makarantar horar da malamai mata a garin Ambleside da ke arewacin ƙasar. Ra'ayinta shi ne yaro cikakken mutum ne, bai kamata a ciyar da hankalinsa da busassun bayanai da aka tsakuro aka jera masa ba. A ba shi littafin da mutum ɗaya mai son abin ya rubuta da rai, a karanta sau ɗaya tak, sannan ya maimaita da bakinsa. Darasi gajere, ga ƙananan yara bai wuce minti ashirin ba. Babu cike gurbi, babu zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Bayan rasuwarta an kusa mantawa da ita, sai a shekarun 1980 iyayen Amurka suka tono littattafanta shida. A 1999 wasu iyaye mata suka haɗu ta intanet suka tsara AmblesideOnline, manhajar shekara goma sha biyu da ke gaya wa uwa abin da za a karanta mako-mako, kuma har yau ba a biyan komai. Sun jingina sosai da littattafan da suka fita daga haƙƙin mallaka, domin su ne irin waɗanda Mason kanta ta yi aiki da su.

Abin da ake ɗora wa yaran yana da nauyi. Ɗan shekara tara ko goma yana fara karanta Plutarch, Bagirken da ya rubuta rayuwar manyan Girka da Rum kusan shekara dubu biyu da suka wuce, wasu ma a fassarar Turanci ta 1579. Ana karanta wasannin Shakespeare. Iyayen da suka bi wannan hanya suna cewa yaro da ya saba da doguwar jimla tun yana ƙarami, babu littafin da zai ba shi tsoro daga baya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk wanda ya taso a zaure yana biya Ishmawi da Risala a gaban malam ya san yadda tsohon littafi mai wuya ke horar da kunne.

Ɓangaren addini

Ga iyali Kirista mai bin ɗariƙar Furotesta, taskar cike take maƙil. Baibul na fassarar Sarki James ta 1611 yana ko'ina. Akwai The Pilgrim's Progress na John Bunyan, wanda ya fito a 1678, labarin matafiyi mai neman birnin sama, da littafin Jesse Hurlbut na 1904 da ya mayar da Baibul gajerun labarai domin yara. Akwai littattafan koyon karatu na McGuffey, waɗanda suka fara fita a 1836 aka sayar da fiye da miliyan ɗari, cike da wa'azi kan gaskiya da aiki tuƙuru. Manyan yara kuma suna da Christian Classics Ethereal Library, wanda wani malamin kwamfuta, Harry Plantinga, ya fara a 1993, inda ake samun rubuce-rubucen Augustine da Luther da Calvin.

Tun a nan ake fara ganin ɓaraka. 'Yan Katolika sun lura cewa yawancin littattafan tarihin Ingila na wancan zamani da idon Furotesta aka rubuta su, Paparoma ne mugu a kusan kowane babi. Littafin shahidai na John Foxe, na 1563, da gangan aka yi shi domin tona abin da Katolika suka yi. Dole suka tsara nasu manhajojin da nasu jerin littattafan waliyyai.

Musulman Amurka da Ingila, waɗanda su ma suke ƙaruwa a karatun gida, matsalarsu ta fi haka. Fassarorin Alƙur'ani mafi tsufa a Turanci ba Musulmi suka yi su ba. George Sale, na 1734, lauya ne Kirista. J.M. Rodwell, na 1861, limamin coci ne, kuma ya sake jeranta surori bisa abin da ya ɗauka shi ne tsarin saukarsu. A 1930 kuwa Marmaduke Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta, ya fitar da tasa. Littafin tarihin duniya na Hendrik van Loon, wanda ya ci lambar yabo ta Newbery ta farko a 1922 kuma har yau yana cikin manhajoji, babinsa kan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, maimaita tsofaffin zarge-zargen Turai ne. Uba Musulmi ba zai miƙa wa ɗansa wannan babi haka kawai ba.

Abin da irin waɗannan iyaye ke yi shi ne haɗa-haɗa. Karatun Alƙur'ani da hadisi daga shafuka irin su Quran.com da Sunnah.com, mai Larabci kuma ya shiga Maktaba Shamila mai dubban littattafai. A tarihi akwai Sayyid Amir Ali, alƙali Musulmi ɗan Indiya da ya rubuta tarihin daulolin Musulunci da Turanci a 1899, da Stanley Lane-Poole wanda littattafansa kan Andalus da Salahuddin suka yi adalci gwargwado. Amma waɗannan na manya ne. Littafin sira mai daɗin karatu ga ɗan shekara takwas, da Turanci, galibi sabo ne, kuma saye ake yi.

Abin da ke ɓoye cikin kyautar

Tun da doka ta tsayar da taskar a wajajen 1930, yaron da ya dogara da ita kacokan yana kallon duniya ne da idon Baturen zamanin mulkin mallaka. Wannan ita ce babbar magana, kuma ta shafi mai karatu Bahaushe kai tsaye, domin a cikin waɗannan littattafai kakanninsa ne ake ba da labarinsu.

Misali mafi bayyana shi ne G.A. Henty, ɗan jaridar yaƙi da ya rasu a 1902, wanda ya rubuta labaran jarumtaka kusan ɗari domin samari. A Amurka an sake buga su, an naɗe su a murya, ana tallata su a tarukan masu karatun gida a matsayin hanyar koya wa yaro namiji tarihi da mazantaka. Henty ya bi rundunar Ingila zuwa Kumasi a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma daga nan ya rubuta By Sheer Pluck. Hausawa na cikin labarin, a matsayin 'yan rakiya masu bindiga da ke tsaron Bature. A cikinsa ne wani jigon labarin ke bayyana wa yaron da ake ba da labarinsa cewa hankalin baƙar fata bai wuce na ƙaramin yaro ba. Wani littafin nasa ya bi Kitchener zuwa Sudan, inda mabiya Mahadi suke abin kashewa kawai.

Marshall ma, wadda tsohon Firaministan Ingila David Cameron ya ce littafinta ne ya fi so yana yaro, ta rubuta Our Empire Story a 1908, labarin yadda Ingila ta mallake Indiya da Afirka ta Kudu da sauransu, cikin murya mai taushi irin ta kaka. Taushin muryar ne haɗarin. Yaro zai so marubuciyar kafin ya iya tambayar ta.

Masu kare littattafan suna da hujjojinsu. Sun ce uwa ce ke karantawa, tana iya tsallake kalma ko ta tsaya ta yi bayani, kuma wasu manhajojin suna sanya gargaɗi a kan babobin da ke da matsala. Sun ce kowane zamani na da makantarsa, har da namu, kuma karanta na da yana nuna wa yaro cewa mai basira ma yana kuskure. Hujja ce mai ƙarfi in yaron ɗan shekara goma sha biyar ne. Ga ɗan shekara bakwai da aka bari da na'urar sauraro a kunne, babu mai tsallake masa komai. Kuma uwar da ba ta taɓa jin labarin Asante daga bakin Asante ba, da wuya ta gane inda aka yi wa gaskiya kwaskwarima.

Akwai masu sukar da suka wuce batun littafi. Farfesa Elizabeth Bartholet ta Jami'ar Harvard ta tayar da ƙura a 2020 da ta nemi a haramta karatun gida sai ga wanda ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Wata ƙungiya da yaran da suka taso a wannan tsari suka kafa a 2013 ba ta nemi haramci ba, sa ido take nema. A New York dole iyaye su miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara, a Texas kuwa ko sanar da hukuma ba sai an yi ba. A Jamus abin haramun ne gaba ɗaya.

Waɗanda suka tono wasu muryoyin

Iyaye baƙaƙen fata da suka shigo da yawa bayan 2020 ba su watsar da taskar ba, sun ƙara zurfafa haƙa ne. Marubuta irin su Amber O'Neal Johnston, uwa ce mai bin tsarin Mason, sun dage cewa yaro na buƙatar ganin irinsa a littafi. Sai ga shi kayan suna nan, su ma kyauta. Frederick Douglass ya rubuta labarin bautarsa a 1845. Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, ya buga nasa a 1789. W.E.B. Du Bois ya fitar da mujallar yara baƙaƙe a 1920.

Jami'ar North Carolina ta saka tarin labaran bayi a intanet, kuma a ciki akwai na kusa da gida. Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, an kama shi yana yaro, an bi da shi Sahara, ya zaga Turkiyya da Rasha da Turai, ya yi yaƙin basasar Amurka, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, ya rubuta nasa da Larabci a 1831 yana bawa a Carolina, kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka rubutun hannunsa kowa ya gani.

Ƙasar Hausa a cikin taskar

Karatun gida irin na Amurka bai zama ruwan dare a Kano ko Maraɗi ba, inda matsalar ita ce miliyoyin yara da ba su da aji ko kaɗan. Amma taskar ba ta tambayar fasfo, kuma malami ko uba mai wayar hannu zai tarar da ƙasarsa a ciki. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya bar mujalladi biyar da ke bayanin kasuwa da marina da fatauci. H.R. Palmer ya buga fassarar tarihin sarakunan Kano a 1908. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi da labarai cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, R.S. Rattray kuma ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yanzu ake kira Gana.

Littattafan da Bahaushe ya fi ƙauna kuwa ba su kai ga fita ba tukuna. A Najeriya haƙƙin mallaka yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce na da sauran jira har bayan 2050, kuma kwafin da ke yawo a wayoyi ba da izini yake yawo ba.

Littattafan Hausa na farko-farkon da suka fita daga haƙƙin mallaka, yawanci hoton shafi ne kawai, da tsohon rubutun boko wanda babu ƙugiya, haruffan ma yadda kunnen Bature ya ji. Ɗan firamare ba zai iya karanta su haka ba, sai an samu masu zama su sake bugawa da daidaitacciyar Hausa, su naɗa a murya, irin aikin da 'yan sa-kai suka yi wa Turanci. Cikin waɗanda suka fi cancantar wannan hidima akwai Magana Hausa na J.F. Schön, na 1885, mai ɗauke da labarin Dorugu. Yaro ne daga yankin Damagaram da aka kama aka sayar, aka 'yanta shi, ya yi wa Barth hidima a tafiye-tafiyensa har Timbuktu, ya bi shi Ingila da Jamus, sannan ya zauna ya ba da labarin duk abin da ya gani da Hausa, yana ɗan shekara goma sha wani abu. Ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.